Kunnen Shanun Arɗo Jibril

Siddiƙa tana aji biyu na babbar sakandare a Sandamu lokacin da ta fara jin sunan Kalilu Ɗan Iyaka. Ƙawarta Fadila ce ta zo da wani littafi a cikin hijabi, bangonsa ya fita, an ɗinke gindinsa da zaren buhu. Ta ce labarin leƙen asiri ne, na yayanta ne, kuma kwana ɗaya tak za ta ba da aronsa.

Da la'asar Siddiƙa ta zauna a tsakar gida kusa da kakarta Nagoggo, wadda ke ɓarar gyaɗa. Ta buɗe shafin farko, ta karanta sunan marubucin a fili.

Nagoggo ta ɗago kai. "Ke! Sunan wa kike kira gatsal haka?"

"Marubucin ne, Nagoggo."

"Marubucin gidanku! Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malam na Zango da kuke zuwa wa yawon salla."

Siddiƙa ta saki baki. Malam na Zango ta sani, dogon tsoho mai ƙarancin magana, mai kiwon awaki, mai wani tsohon babur da ya daɗe a jingine a rumfa. A gidansu ba wanda ke kama sunansa saboda kunya, shi ya sa ba ta taɓa ji ba. Daga ranar ta shiga bin manya da tambaya, abin da ta ji ta rubuta a bayan littafinta na makaranta. Yawancin abin da ke nan daga can ya fito, sauran kuma ta gani da idonta.

An haifi Malam Kalilu a Zango, a gidan manoman gero da gyaɗa waɗanda asalinsu Barebari ne. Ya tashi da i'ina mai tsanani. Kafin ya fitar da kalma ɗaya yara sun fashe da dariya, don haka tun yana ƙarami ya koma gefe, ya zama mai sauraro. Nagoggo ta ce in an aike shi kasuwa, sai ya dawo ya rubuta mata a ƙasa da tsinke abin da ya faru, duk da ita ba ta iya karatun ba.

Bayan firamare ya samu horo a kan lafiyar dabbobi, aka ɗauke shi malamin dabbobi, aka ba shi babur da akwatin allura. Shekara talatin da wani abu yana bin rugage, daga Zango zuwa Baure, zuwa Dutsi, har bakin iyakar Nijar. Yana da wata dabara tasa ta aiki. Kowane gidan Fulani yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen shanunsa, wadda aka gada kaka da kakanni, da ita ake gane saniyar wane ce ko da ta ɓata ta faɗa wani garke. To, shi Malam Kalilu, da yake yawan tambaya yana ba shi wahala, sai ya riƙa zana kunnuwan a wani ɗan littafin aljihu. A gaban shafi kunnuwa biyu, a bayan shafi sunan mai shanun da ranar da aka yi musu allura.

A wannan yawon ya haɗu da Jibril, tun bai zama arɗo ba. Da damina ne babur ya mace masa a wata fadama kusa da Dutsi, Jibril ya taya shi turawa har ruga. Kwana uku ya yi a can, Adama matar Jibril tana dama masa fura da nono. Da Jibril ya ji Babarbare ne baƙon nasa, sai wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya tashi.

"Ashe bawana na tsinta a daji. Adama, rage masa nonon nan, kada ya saba."

Malam Kalilu ya kan ce a duniya mutum biyu ne ba su taɓa ƙarasa masa magana ba in ta maƙale: mahaifiyarsa da Jibril. Jibril zai jingina da sandarsa ya jira, ko minti nawa za a ɗauka.

Rubutu kuwa zaman jira ne ya jawo shi. A bakin iyaka yakan zauna wurin mai shayi yana jin hirar direbobi da fatake, wane ya bi ta wace hanya, wane ya ɓoye kaya a ina. Sai wata rana ya sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta, ya fara labarin wani jami'in asiri mai suna Hafizu, wanda ke shigar dillalan shanu yana bin sawun masu shigo da makamai. Bayan sallar asuba yake rubutu, a kan tabarma, har rana ta yi hantsi ya hau babur. Wani direba ya kai masa rubutun Kano aka buga. Kafin shekara ta zagayo, a tashar Daura in ka ce Hafizu, ba mai tambayarka wane Hafizun.

Littafi goma sha ɗaya ya yi. Ana karanta su a tasha, a teburin mai shayi, a shagunan hayar littafi, har cikin gidaje, inda mai karatu ɗaya za ta karanta wa mata biyar suna tsinkar zogale. Abin da ya sa mutane suka kamu da su shi ne ba ya rubuta hanyar da bai bi ba. In ya ce Hafizu ya wuce kuka biyu ya tarar da rijiya a hannun dama, to ka je za ka tarar da kukar da rijiyar. An ce wasu direbobi sun taɓa gardama a kan haka, suka ɗauki mota suka je, suka dawo wanda ya musa yana ta rantsuwa ya sha ruwan rijiyar. Malam yana jin daɗin wannan labarin ƙwarai. Kuma wannan ɗabi'ar ce ta ja masa abin da ya dame shi har tsufa.

A littafinsa na bakwai akwai wani mugu da ake kira Mai Ƙaho, wanda ke ɓoye bindigogi a cikin kayan masu ƙaura, ya koro su tare da garken shanu. Hafizu ya gano garken ne ta tsagar kunne. Da Malam ya zo wurin, bai so ya ƙirƙiro tsagar da babu ita. Ya jawo ɗan littafin aljihunsa, ya buɗe inda hannunsa ya faɗa, ya kwatanta kunnuwan da ya gani tiryan-tiryan. Bai juya shafin ya duba sunan da ke baya ba.

Tsagar gidan su Jibril ce.

Ɗan birni da ya karanta ba abin da zai gane. Amma a kara, inda ake cinikin shanu, kowane dillali ya san kunnen nan kamar yadda ya san tafin hannunsa. Kuma kowa ya san Kalilu Ɗan Iyaka ba ya rubuta abin da bai gani ba. Da farko tsokana ce: Jibril ya shigo kasuwa a ce ga Mai Ƙaho nan. Daga baya aka fara rage murya in ya matso. Wani da ya yi alkawarin ba ƙanen Jibril auren 'yarsa ya janye, bai faɗi dalili ba.

Malam ya je ruga ba da haƙuri. Amma da ya ga fuskar Jibril, maganar ta ƙi fita, sai ya fake da wasa. Ya ce ai bawa ba ya fushi da ubangidansa.

Jibril bai yi dariya ba. Ya ce, "Kalilu, wasanmu a baki muke yinsa, mu tashi mu bar shi a nan. Kai ka sa nawa a takarda, ya tafi garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Hau babur ɗinka."

Shekara ashirin da uku ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. Malam ya ƙara littafi huɗu, ya yi ritaya, ya ajiye biro. Yana ganin in an daina karanta littafin maganar za ta mutu, kuma ta yi kamar ta mutu.

Sai zamanin waya ya zo. Wani matashi da ba a san ko wane ne ba ya karanta littafin nan na bakwai da murya mai daɗi, ya naɗa, aka riƙa tura shi daga waya zuwa waya. Ya zo daidai lokacin da ake yi wa makiyayi kallon zargi ko bai yi komai ba. Wata ranar kasuwa Amadu, babban ɗan Arɗo Jibril, ya kai bijimai biyu kara. Wasu samari suka kama kunnen ɗaya suna ɗaukar hoto. Ba wanda ya taɓa shi, amma ba wanda ya taya. Ya koro abinsa ya koma gida. Sati na gaba ma haka.

Labari ya iso Zango. A lokacin Siddiƙa ta gama sakandare tana zaune a gida, idon Malam kuma ya fara yin yana, ba ya gani sosai. Ya aiko wa Nagoggo cewa a ba shi aron yarinyar nan mai yawan tambaya.

Ranar da ta isa ya dube ta sama da ƙasa. "Ke ce s-sakatariyar? Hannunki yana karantuwa, ko irin na kaza ne?"

"Ya fi naka, tsoho. Na ga rubutunka, kamar tururuwa ta faɗa tawada."

"To z-zauna, mara kunya."

Niyyarsa ita ce ya yi littafi na goma sha biyu, inda Hafizu zai gano cewa shanun nan sato su aka yi daga wani makiyayi mutumin kirki, Mai Ƙaho ya fake da su. Wata huɗu suna yi. Bayan asuba ya faɗa, ta rubuta. Ta lura in yana ba da labarin Hafizu i'inar takan ragu, har ya yi jimla uku bai tsaya ba. Da an ce ya yi maganar kansa, sai ta dawo. Ita ma ta koyi jira, ba ta ƙarasa masa.

Da suka gama suka shiga motar Dutsi, daga nan masu babur suka ƙarasa da su ruga. Bayan girbi ne, shanu suna kiwo a cikin karan gero. Adama ta tarbe su, ta rungume Siddiƙa kamar ta santa, ta shimfiɗa tabarma biyu a gindin gawo, nesa kaɗan da juna. Arɗo Jibril ya fito, ya tsufa, ya rame, sanda a kafaɗa. Ya amsa sallama, ya zauna a tasa tabarmar.

Siddiƙa ta karanta tun daga azahar har inuwa ta miƙe. Arɗo bai katse ta ba. Wurin da Hafizu ya ɓuya a cikin rumbu har ya ɗan murmusa. Da ta kai ƙarshe ta rufe littafin.

Arɗo ya ce, "Yarinya, Allah ya yi miki albarka, kin iya karatu. Labari ya yi daɗi." Sannan ya juya. "Kalilu, wannan makiyayin na kirki da ke ciki, wane ne?"

"K-kai ne."

"A'a. Ni ba a taɓa sace min shanu ba. Wancan ƙarya ce, wannan ma ƙarya ce. Ka ɓata ni da ɗaya, yanzu ka zo ka wanke ni da ɗaya. Gobe a kara su ce, ashe dai shanunsa sun ɗauki bindiga, sai dai ba da saninsa ba."

Malam ya sunkuyar da kai. Siddiƙa ta dubi littattafan rubutu shida da ta cika, ta ga gaskiyar tsohon.

"To me k-kake so?"

"Hafizu ba ya cin kasuwarmu. Kai ne kake ci. Ka zo ranar kasuwa, ka tsaya inda Amadu ya tsaya, ka faɗa da bakinka yadda aka yi."

Malam ya miƙe, suka kama hanyar komawa a mota. Siddiƙa ta san abin da aka nema a wurinsa. Mutum ne da ko ɗaurin auren 'ya'yansa wakili yake sawa. Sau biyu ana gayyatarsa gidan rediyo yana ƙi. Masu karatunsa da yawa sun ɗauka wani ƙato ne mai murya kamar ta Hafizu. Sai da suka kusa Zango ya ce, "Ki d-duba min ƙasan akwatin ƙarfe. Akwai ɗan littafi mai baƙin bango."

Ranar kasuwa suka isa kara da hantsi. Malam ya samu shugaban dillalai, wani mai ƙiba da ake kira Zakiyyu, ya gaya masa buƙatarsa. Zakiyyu ya dube shi da mamaki.

"Kai ne Ɗan Iyaka? Kai? Wallahi na ɗauka ka fi haka faɗi! Jama'a, ku matso, ga uban Hafizu!"

Aka kife masa turmi ya hau, Siddiƙa tana riƙe da gefen rigarsa. Mutane suka taru, dillalai da mahauta da masu lodin shanu. Can gefe Amadu yana tsaye da bijimansa, Arɗo Jibril a bayansa.

Malam ya buɗe baki, sallamar ma ta ƙi fita. Wani ya yi dariya. Wani ya ce, "A ba shi ruwa mana!" Gumi ya jiƙa masa hula. Siddiƙa ta so ta karɓi maganar ta faɗa a madadinsa, ta dai danne.

Sai muryar Arɗo ta taso daga baya. "Ku yi shiru ku jira shi. Ni na saba. In ta fito ba ta komawa."

Aka yi shiru, sai kukan shanu. Malam ya fara, kalma ɗaya, a tsaya, kalma biyu. Ya ce shi malamin dabbobi ne. Ya ɗaga ɗan littafin, ya ce a nan yake zana kunnuwan shanun da ya yi wa allura. Ya ce ranar da ya rubuta Mai Ƙaho, buɗewa kawai ya yi ya kwafa, bai juya shafi ba. Ya ce babu Mai Ƙaho, babu Hafizu, shi ya ƙirƙiro su a kan tabarmarsa. Ya ce shekara goma sha biyar yana shiga rugar Jibril, abin da ya taɓa gani a ɓoye a can shi ne man shanun da Adama ke hana yara. Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Ya ce laifin nasa ne, kuma ya san haka tun shekara ashirin da uku, tsoron tsayuwa irin wannan ne ya hana shi.

Zakiyyu ya karɓi ɗan littafin yana buɗawa. Nan da nan dillalai suka rufe shi.

"Kai, ga na gidan Hussaini!"

"Wannan ai na kawuna ne. Ashe da shafi ɗaya ya ƙara, da mu ne Mai Ƙaho!"

Wannan maganar ta fi komai shiga mutane. Kowa ya ga da hannun Malam ya goce kaɗan, da gidansu abin ya faɗa. Wasu samari sun ɗauki jawabin a waya, shi ma ya yi nasa yawon, ko da yake bai kai littafin nisa ba. Kafin azahar Zakiyyu da kansa ya kama igiyar bijimin Amadu ya shiga nema masa mai saye.

Da aka sauko da Malam daga turmi, Arɗo Jibril ya matso, ya dube shi.

"Shekara ashirin da uku kana haɗa magana ɗaya. Ko a Barebari kai na daban ne."

"B-bafillace, ba ka da godiya."

"Taho mu sha fura, bawana. Adama ta ba da saƙo, ta ce kada a rage maka nono."

Ba a ce tsokanar ta ƙare ƙaf ba. Har yau akan samu wanda ya ji littafin a waya bai ji jawabin ba. Amma Amadu yana kai shanunsa kara yana sayarwa, kuma in baƙo ya kama kunne yana tambaya, dillalan ne ke ba shi amsa. Littafi na goma sha biyu ba a buga shi ba. Malam ya ce a bar shi a akwati, yana nan wurin Siddiƙa tare da ɗan littafi mai baƙin bango.

Malam Kalilu ya ƙara shekara biyu da 'yan watanni. A cikinsu kusan kowane wata sai Amadu ya ɗauko mahaifinsa a babur ya kawo shi Zango, tsofaffin su zauna a rumfa kusa da mataccen babur, yawanci ba sa ma cewa komai. Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Arɗo Jibril yana sahun gaba.

Ana saura 'yan makonni ya kwanta, Siddiƙa ta je gaishe shi, ya lura tana rubutu a gefen tabarma. Ya tambaye ta me take rubutawa, ta ce labarinsa ne, don 'yan baya su sani.

Ya shafa kan wata akuya da ta shigo rumfar. Sannan ya ce, "To ki r-rubuta. Ki sa i'inar, ki sa turmin, kada ki gyara ni. Abu ɗaya nake roƙonki. Kin ga kunnen nan da idonki, kin san yadda tsagar take. Kada ki faɗe ta a takarda, ko da kwatance. Ki bar wa Jibril kunnen shanunsa."